Mene ne situdiyo? Amsa ga wani matashi a Gadarif

Wani matashi daga Gadarif, a gabashin Sudan, ya aiko da wannan tambaya: "Baba, kalmar situdiyo ta rikita ni. Yayana da ke aiki a Jidda ya ce ya kama situdiyo, muka yi ta murna a gida a kan ya buɗe wurin ɗaukar hoto, ashe ɗakin kwana yake nufi. Masu sharhin ƙwallo a talabijin suna cewa a koma situdiyo. A wayata ma sunan wurin da hotuna ke taruwa ke nan. Ni kuma ina shirin buɗe wurin ɗaukar karatu da waƙoƙin biki da Hausa. Mece ce ainihin ma'anarta, kuma yaushe ɗaki ya cancanci wannan suna?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin ɗaukar sauti a Omdurman kafin yaƙi ya taso mu zuwa Kassala, rabin rayuwata a irin wannan ɗaki na yi ta. Tsakanin yayanka da masu sharhin ƙwallo da wayarka babu wanda ya yi kuskure. Kalma ɗaya ce ta yi doguwar tafiya, kowane zango ta sauka sai an ɗora mata sabon kaya. Amma a wurinmu masu sana'a akwai abu guda da ke riƙe da ita: situdiyo ɗaki ne da mai aiki ya fi ƙarfin abin da ke shigowa cikinsa. Mai zane da mai hoto haske suke gadi, mu kuwa sauti. Na'urori daga baya suke zuwa.

Tushenta harshen Latin ne, na Rumawan da. Suna da kalmar "studium", ma'anarta himma, duƙufa a kan abu saboda son sa. Daga nan ne Turanci ya samo "study" da "student", wato nazari da ɗalibi. Italiyawa suka gaje ta a matsayin "studio", suna kiran nazarin kansa da ita, suna kuma kiran ɗakin da ake zama a yi shi. Har gobe a Italiya ofishin lauya ko na likita situdiyo ne. Turawan Ingila suka aro ta a farkon ƙarni na 19 suka keɓe ta ga ɗakin mai zane da mai sassaƙa, domin a lokacin Italiya ce alƙiblar duk mai son koyon waɗannan sana'o'i. Daga bakinsu ta bi duniya.

Ka lura mu a nan Sudan iri biyu muke faɗar ta. Bahaushe ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a manne, sai ya cusa wasali a tsakaninsu. Shi ya sa muke da sitiyari da sikeli da sito, haka ma situdiyo, wasu su ce sutudiyo. Balarabe shi ma ba ya farawa da baƙi mai ɗauri, sai dai a gaba yake sa nasa wasalin: istudiyo, kamar yadda yake cewa istad idan za shi filin ƙwallon Hilal ko na Marrikh. Bahaushen Gadarif yakan ce istudiyo a kasuwa, ya ce situdiyo idan yana waya da dangi a Kano. Duka sun zauna. In da Hausa kake rubutu, rubuta situdiyo.

Mai zane shi ne uban ɗakin na farko. Abin da ya fi buƙata haske ne wanda ba ya sauyawa, domin launin da ya haɗa da hantsi kada la'asar ta mayar masa da shi wani abu daban. Saboda haka masu zanen Turai suke son babbar taga mai duban arewa: a ƙasashensu rana ta kudu take bi, tagar arewa ba ta samun hasken kai tsaye sai mai laushi. Wannan ƙa'ida ba ta zo mana daidai ba. Kartum da Gadarif suna kusa da tsakiyar duniya, kuma daga wajen farkon Mayu zuwa Agusta rana tana komawa ta arewa da mu, sai ta leƙo tagar da littafi ya ce ba za ta leƙa ba. Masu zanenmu sun san haka, sukan sa farin yadi a tagar. Su kuma 'yan kwalejin zane ta Kartum, inda su Ibrahim El-Salahi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq suka yi zamani, ba su cika cewa istudiyo ba. Marsam suke cewa, daga rasm, wato zane.

Da kyamara ta zo sai mai hoto ya gaji sunan tare da matsalar, don shi ma da haske yake ci. Wannan ce ma'anar da ta fi shiga bakin talaka a Sudan, shi ya sa gidanku suka yi wa yayanka wancan zato. Duk wanda ya taɓa neman fasfo don aikin hajji ya zauna a kan kujerar situdiyo, an ɗaga masa haɓa. A Atbara, garin jirgin ƙasa, marigayi Rashid Mahdi ya yi shekaru yana ɗaukar ma'aikata da 'yan kasuwa da amare a situdiyonsa, har hotunan suka zama tarihin garin.

'Yan fim ma hasken suka fara bi. A 1893 Thomas Edison ya sa aka gina wani ɗaki baƙi ƙirin a New Jersey ta Amurka, rufinsa ana buɗe shi, ginin dungurungum ana juya shi ya bi rana. Ka ga iyakar yadda mutum zai wahala don ya mallaki haske. Da harkar ta bunƙasa sai sunan ɗakin ya koma sunan kamfanin da ya mallake shi, ake cewa situdiyo kaza ya fitar da fim. A Masar Tal'at Harb ya kafa Studio Misr a 1935. A nan gida Gadalla Gubara ya gina Studio Gad a Kartum a 1974, situdiyon fim na farko mai zaman kansa a Sudan. An rushe shi a 2008, shekarar da shi ma ya rasu. Har yau in na tuna da wannan wuri raina yana ɓaci.

Yanzu mu zo ɗakina, wanda kuma shi kake shirin shiga.

Rediyon Omdurman ta fara ne a 1940, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, daga wani ɗan ƙaramin ɗaki a tsohon gidan waya. Rabin awa take yi a rana, an kafa lasifikoki a dandali mutane na taruwa suna jin labarin yaƙi. A shekarun farko kai tsaye ake komai: mawaƙi da makaɗansa su tsaya gaban makirufo, abin da ya fito ya fita ke nan. A gaban irin wannan makirufo ne A'isha Falatiya ta tsaya a 1942, mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Sudan. A Kassala aka haife ta, garin da nake rubuto maka wannan amsa. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato hanyar hajji ta kawo su, mahaifiyarta Bahaushiya ce. Ta rasu a 1974. Na kawo ta ne don ka san cewa in ka buɗe ƙofar situdiyo a ƙasar nan ba baƙon wuri ka shiga ba, 'yar gidanku ta riga ka da shekara tamanin.

Situdiyon rediyo cikakke ɗaki biyu ne. Ɗaya na mai magana, ɗaya na injiniya mai sarrafa sauti, tsakaninsu taga mai gilashi biyu da iska a tsakani, don a ga juna ba a ji juna ba sai ta na'ura. A saman ƙofa akwai jar fitila. In ta kama, ko shugaban gidan ne sai ya tsaya a waje. Da mai gabatarwa ya ce "mu koma situdiyo", yana nufin a bar wakilin da ke fili a dawo wannan ɗaki. Na masu sharhin ƙwallo ma haka ne, sai dai can sunan ya wuce ɗakin ya hau kan shirin: Larabawa suna ce wa zaman da ake yi kafin wasa da lokacin hutun rabin lokaci "istudiyo tahlili".

Abokan gaban mai ɗaukar sauti biyu ne, kuma yawancin kuɗin da na ga matasa sun yi asara saboda sun ɗauka abu ɗaya ne. Na farko ƙarar waje ce da ke shigowa: raksha (babur mai ƙafa uku), jaki, janareta, lasifikar mai tallan kaya. Na biyu muryar mai maganar ce da kanta, wadda ke dukan bango ta dawo wa makirufo. Kowanne da maganinsa, maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Ƙarar waje nauyi ne ke tare ta, da toshe kafa. Bango mai kauri, ƙofa mai nauyi wadda ke rufuwa ruf, taga a liƙe. Duk inda iska za ta bi, sauti zai bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji Hausawa, kuma ga yadda za ka san naka: ka rufe ɗakin da tsakar rana ka kashe fitila, duk inda ka ga tsinken haske ta nan ƙara take shigowa. Tsohon ginin jalus, wato ginin ƙasa, mai kaurin kamu guda ya fi sabon bulo mai rami a ciki nesa ba kusa ba. Rufin kwano kuwa shi ne babban ciwonku a Gadarif, don da ruwan damina ya sauko aiki ya tsaya. In babu makawa sai shi, a yi silin mai nauyi a ƙarƙashinsa, a bar tazara. Soso da kwalin ƙwai da kake gani an liƙa a bangon situdiyoyin unguwa ba sa hana ƙarar raksha shigowa ko kaɗan. Ba su da nauyi. Na sha faɗa wa matasa wannan suna kallona kamar na zo ɓata musu ciniki.

Amsa-kuwwar cikin ɗaki ita ce ta fi lalata aiki, kuma kunnen mutum ya saba da ita har ba ya jin ta sai a cikin faifai. Sauti yana gudun mita 340 da ɗoriya a sakan ɗaya. A ɗaki mai faɗin mita 4, ƙara ɗaya za ta tsallaka daga bango zuwa bango sau 85 a sakan guda, kuma in bangon sumunti ne mai santsi kusan duka za ta dawo. Harafin da malam ya furta bai gama mutuwa ba na bayansa ya hau shi, sai karatun ya cakuɗe. Wanda ya fara auna wannan abu wani malamin kimiyya ne a jami'ar Harvard, Wallace Sabine. A 1895 aka ba shi wani zauren lacca da ba a jin abin da malami ke faɗa. Ya dinga ɗauko matasan kujeru daga wani zaure yana jerawa cikin dare, ya busa bututu, ya riƙe agogo yana ƙirga tsawon lokacin da amon zai ɗauka kafin ya ɓace. Daga aikinsa aka samo ma'aunin da muke amfani da shi har yau: lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ragu da desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Babban masallaci yakan kai sakan da yawa. Ɗakin magana ana son ya gaza rabin sakan.

Abin da ke shanye amo shi ne abu mai laushi mai kauri wanda iska ke ratsawa: katifar auduga, bargo mai nauyi, labule mai ninki wanda aka rataya nesa kaɗan da bango, kafet, har kantar littattafai. Wata shekara wani attajiri ya gayyace ni in ɗauki tafsirin wani malami a sabon ɗakin da ya gina musamman, ƙasa tayil, bango fenti mai ƙyalli, na'urori kuwa an sayo masu tsada daga waje. Muka ɗauki rabin awa muka saurara, kamar daga cikin rijiya malamin yake magana. Na roƙi mu koma tsohon ɗakin ƙasa na mahaifiyar maigidan, inda akwai angarib biyu, wato gadajen igiya, da katifu da tarin kayan sawa. Da makirufo ɗin nan dai muka sake, murya ta fito tas, kana jin kowane ɗauri da kowace shadda. Tsohuwar tana zaune a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, tana ta mamakin abin da muka gani a ɗakinta.

Ka guji ɗakin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ɗaya ne, yana ƙara wa wasu muryoyi kauri marar daɗi. Guttiyya, wato bukka, irin taku ta Gadarif tana da nata hali: rufin ciyawa yana shan amo da kyau, amma ƙarar waje tana ratsa shi, kuma kewayayyen bango yana tara sauti a tsakiya, saboda haka kada ka kafa makirufo a cibiyarta. In kuwa sabon gini za ka yi, tun ran gini tun ran zane; gyaran baya ya fi tsada.

Masu karatu za su zo su ce maka suna son amo irin na Harami. Kada ka nemo musu shi daga bango. Ka ɗauki muryar a bushe, tsaf, sannan ka ƙara amon a kwamfuta gwargwadon yadda suke so. Ƙara shi aikin minti ɗaya ne, cire shi bayan ya shiga faifai kuwa sai ya taɓa muryar kanta. Ni a ra'ayina ma an cika yawaita shi a karatun zamanin nan har yana cinye tajwidi, amma wannan tsakaninka da mai karatu ne.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ɗakin da aka toshe a ƙasarmu tanderu ne, kuma mukayyif na ruwa, na'urar sanyaya ɗakin nan mai aiki da ruwa, ba zai yi maka ba don sai da taga a buɗe yake aiki. Ka sanyaya ɗakin tukuna, ka kashe na'urar, ku ɗauki kamar kwata na awa, ku huta. Janareta a kai shi can ƙarshen gida a ɗora a kan tsohuwar taya. In da hali batirin sola ya fi, amma shi ma akwatinsa mai fanka a waje. Makirufo ka fara da irin mai jure hayaniya wanda ake riƙewa a wurin taro, ba mai tsananin ji da ke kwaso motsin ƙadangare ba. Bakin mai magana ya kasance kamar taƙi guda daga gare shi, domin duk lokacin da tazarar ta ninka muryar tana raguwa da desibel 6, ƙarar ɗaki kuwa tana nan yadda take.

Sauran ma'anoni biyun da suka rikita ka 'ya'yan waɗannan ne. Masu zane a biranen Turai da Amurka da yawa a ɗakin aikinsu suke kwana, babban ɗaki ɗaya ba shamaki. Dillalan gidaje suka ɗauki sunan suka liƙa wa duk mazaunin da gado da kujera da ɗan madafi suke wuri guda, banɗaki kaɗai ke ware. Shi ne abin da yayanka ya kama a Jidda, kuma haka ake rubuta shi a tallan haya a duk Saudiyya. Na waya kuwa daga mai hoto ya zo: a wayoyin Samsung da aka saita da Larabci ma'ajiyar hotuna "al-istudiyo" aka sa mata, mutane suka bi.

Akwai masu cewa me ya sa ba za mu ƙirƙiro tamu kalmar ba. Tambaya ce mai kyau, domin Hausa tana da hanyarta ta raɗa wa wurin aiki suna. Daga ƙira muka sami maƙera, daga rini marina, daga jima majema, daga saƙa masaƙa, daga karatu makaranta. Larabci ma haka yake yi, shi ya ba shi maktab da matbakh da marsam. Sai dai a rubutun boko maƙera na iya zama wurin, na iya zama mutanen. Karin sauti ne kaɗai ke raba su a baki. In ka rubuta "mazana" mai karatu zai ɗauka masu zanen kake nufi. Gidajen rediyon Hausa sun bi hanyar bayani, suna cewa ɗakin watsa shirye-shirye ko ɗakin gabatar da labarai, kuma ya yi daidai a inda ake son tsantsar Hausa. A bakin 'yan sana'a kuwa, daga masu waƙar Kano har mu nan, situdiyo ta zauna daram kamar yadda rediyo da mota suka zauna. Ban ga laifinta ba. Abin da nake so kawai a riƙa haɗa ta da aikinta: situdiyon hoto, situdiyon ɗaukar murya, situdiyon fim. Ɗakin haya kuwa in kana magana da mutanen gida ka ce ɗaki ɗaya mai madafi da banɗaki, ka hutar da su.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ginin rediyo da talabijin na Omdurman ya zama fagen fama, har sojoji suka karɓe shi a Maris 2024. Abokan aikina sun watsu, wasu Bur Sudan, wasu Alƙahira, wasu Jidda. Da yawa yanzu a ɗakin haya suke aiki da bargo biyu da kwamfuta ɗaya, kuma akwai waɗanda in ka ji aikinsu ba za ka raba shi da na da ba, saboda sun san abin da za su tare. Irin wannan ɗaki ni situdiyo nake kiransa ba tare da jin nauyi ba. Wanda aka cika da fitilu masu launi da manyan lasifikoki alhali raksha na ratsa faifai, shi ne ban yarda ya ci sunan ba.

Kafin ka sayi ko waya ɗaya, ka shiga ɗakin da ka zaɓa ka rufe ƙofa, ka tsaya ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani zirrr yana bin bayan tafin, bangayen suna jifan juna da sauti. Ka rataya bargo a ɗaya daga cikinsu ka sake tafawa har ya ɗauke. Sannan ka ajiye wayarka ta ɗauki shirun ɗakin na minti biyu, sau ɗaya da hantsi, sau ɗaya bayan isha'i, ka saurara da abin kunne. Ka turo mini su tare da awon ɗakin da irin rufinsa, in gaya maka inda za ka fara. Allon ƙofa kuwa ka rubuta "Situdiyon ɗaukar murya", a ƙasansa da Larabci "istudiyo tasjil sauti", don kada masu neman hoton fasfo su riƙa ƙwanƙwasa maka ƙofa ana tsakiyar karatu.